Minti Biyar na Baba Kashe-Kunna

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina tsaka da buga wasiƙa aka leƙo ofishinmu aka ce Allah Ya yi wa Baba Kashe-Kunna rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Na ɗaga hannuna daga kan kibod na kasa mayarwa. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu tattara mu koma. Na sha faɗar haka a kan mutane da yawa, amma ranar sai da na maimaita sau uku kafin maganar ta zauna mini.

Baba, shekara goma sha tara kana gyaran kwamfutocin ma'aikatarmu, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina buga takardu a ɗakin da ke kallon naka. Sunan nan mu muka laƙaba maka, domin duk wanda ya zo da ƙorafi, kafin ya rufe baki za ka ce, "Ka kashe ka sake kunnawa?" Ba ka taɓa nuna jin haushi ba. Har sabbin ma'aikata sukan ɗauka sunan yanka ne.

Ba zan manta ranar da na fara kawo maka kuka ba. Kwamfutata ta yi nauyin da sai in kunna ta, in je in gaisa da mutanen ɗaki uku, in haɗa shayi, in dawo in tarar tana ta juyi. Da bakin nan nawa da ba ya ajiye magana na ce a jefar da ita a bola. Ka jawo kujera, ka buɗe mini jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna ta. Goma sha bakwai muka ƙirga. Ka ce in yi tunanin mutumin da ya farka daga barci, bai ko wanke fuska ba, aka ɗora masa buhu goma sha bakwai. Ka nuna mini inda ake hana kowace tashi, ka ce hana ta tashi ba goge ta ba ne, tana nan, in na neme ta zan same ta. Daga ranar kwamfutata kan shirya kafin in gama gyara zama.

Kana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Ba ka kashe ko ɗaya sai ka tambayi mai kwamfutar, "Wannan ta wa ce? Me take yi maka?" In ka gama kuma sai ka yagi takarda, ka rubuta abin da ka kashe da abin da ka bari da dalili, ka manna a ƙarƙashin kibod. Mukan ce Baba ya fi likita rubuce-rubuce. Amma na ga ranar da tambayar ta yi amfani. Dattijuwar da ke kula da fayil-fayil tana da wata manhaja mai baƙon suna da kowa ya ce tarkace ce. Kai ka tsaya ka tambaya. Ashe ita ce ke rage gudun linzamin kwamfuta, saboda hannun baiwar Allah yana rawa, kuma kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ka bar mata abarta, ba ka kuma taɓa ɗaga zancen a gaban mutane ba.

Na koyi aikin nan a wurinka har na zama 'yar hannu. In ba ka nan ni ake kira, ni kuwa ina ta hura hanci. Sai bayan rasuwarka na gane rabin karatun kawai na ɗauka, kuma saboda haka nake wannan rubutu.

Kwana huɗu da rasuwarka na je gidanka gaisuwa. Na sami uwargidanka a falo, kusa da tsohuwar kwamfutarka mai faffaɗan allo, tana kunne. Idanunta sun yi rauni shekaru da dama, wayarta ƙarama ce mai maɓallai. 'Yarku tilo tana aure a nesa, ga tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya, ko jana'izarka ba ta samu ba. A wannan allon kaɗai uwar ke iya ganin fuskarta, kullum da safe. Cikin hira ta ce, "Takan yi minti biyar kafin ta tashi. Nakan zauna in jira ta."

Labari take ba ni, ni kuma na ɗauka ƙorafi ne. Raina ya ce ga abin da zan yi wa Baba. Na buɗe jerin, na ga abubuwa bakwai, har na yi murmushi a zuciyata na ce, ka ga mai gyaran na mutane ya bar tasa da kaya. Ban tambaye ta komai ba. Ban ɗaga kibod ba. Na kashe su duka, na sake kunnawa, cikin rabin minti ta tashi tsaf.

Na ce, "Yaya, an gama. Yanzu ba sauran jira."

Ta karkata kai ta ce, "Har ta tashi?"

Na ce ta tashi.

Ta ce, "Ban ji ba." Sai kuma ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Na fita ina jin na sauke wani nauyi.

Bayan kwana shida 'yarka ta kira ni a waya, ban san inda ta samo lambata ba. Ta gaishe ni da ladabi. Ta ce ta sauka lafiya kwana uku da suka wuce, namiji, amma duk kiran bidiyon da take yi ba ya shiga. Uwar takan danna maɓallin da ka nuna mata, allo ya haska, shi ke nan. Sai dai su yi magana a ƙaramar waya, uwar ba ta ga jikanta ba, ita kuma ba ta ga fuskar uwarta ba tun ranar da na je gaisuwa. Ta ce, "Anti, Mama cewa ta yi kada in dame ki. Wai ƙila kwamfutar ma ta bi mai ita ne."

Wallahi ban san lokacin da na bar ofis ba. Ina shiga falon na durƙusa na juya kibod. Takardar tana nan, da rubutunka mai kwanciya gefe. Ta ɗaya, manhajar kira, ta buɗe da kanta ta amsa da kanta, domin Maman yarinya ba ta ganin inda za ta danna. Ta biyu, mai ƙara girman hoto. Ta uku, mai ɗaga sauti. Ta huɗu, mai tada kyamara. Haka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta. A gaban ta bakwai ka rubuta, "Sanarwa, don ta san an shirya." A can ƙasa ka ja layi biyu: "Tana da nauyi, na sani. Kada a taɓa."

Kunya ta rufe ni, Baba. Na faɗa wa uwargidanka abin da na aikata, ban rage komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Alheri kika yi nufi, ƙanwata. Mayar da su."

Na mayar da su bakwai ɗin, na kashe, na sake kunnawa. Muka zauna muna jira. Ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba, ita kuwa ta harɗe hannu a cinya kamar mai jiran baƙon da ta saba da shi. Can sai lasifika ta yi ɗan ƙara, muka ji gyaran murya, irin wanda kake yi kafin ka yi magana. Sai ga muryarka: "To, ta shirya. Gyara zama, yanzu za ta kira ki."

Abin da ta ce ba ta ji ba ke nan. Kwana shida na raba ta da shi, ta kuma yi shiru don kada ta kunyata ni.

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta gyara zama kamar yadda ka ce, ta gyara mayafinta. Ba a jima ba allon ya cika da fuskar 'yarka, ta ɗago jaririn ta matso da shi. Uwargidanka ta kai fuskarta dab da allo, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Goshinsa ne." Sunanka aka sa masa.

Yanzu in aka kira ni gyara a ofis, nakan jawo kujera in tambaya, in kuma yagi takarda. Masu dariya suna yi, ba na kula su.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka Ya haskaka shi. Yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa al'amuransu ba tare da ka tona asirin kowa ba, Allah Ya sauƙaƙa maka hisabi Ya rufa maka asiri. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'yarka da mijinta, da 'yan'uwa, da abokan aikinmu baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya raya takwaranka bisa halinka. Ita kuma da take zaman minti biyar kowace safiya don ta ji ka ce ta gyara zama, Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya haɗa ku a Aljanna. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.