Kawu Gilashi da Jan Tauraro

Auta a bakin mahaifiyarta ta fara jin sunan. Duk yaron da ya daɗe yana goge faranti ɗaya, sai Inna ta ce, "Ajiye haka, kada ka zame mana Kawu Gilashi." Sai da ta shiga sakandare aka aike ta gidansa, ta gane ashe mutum ne mai rai, ƙanin kakarta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan shagon tabarau yana goge gilashin idon mutane.

A ɗakinsa ta tarar da wata ganga, a kanta an ɗora gilashi mai kauri, faɗin faranti. Yana zagaya gangar yana goga shi da ruwa da garin yashi mai laushi. Ya ce madubin hangen nesa yake haɗawa, don ya ga wani jan tauraro da ya ji labarinsa a rediyo tun yana saurayi.

Daga ranar take biyawa ta wajensa in an tashi makaranta. Ya bayyana mata cewa wutar tauraro ba ta itace ba ce. Nauyinsa ne ke matse ƙananan ƙwayoyin cikinsa har su haɗe su zama manya, haɗuwar ce ke ba da zafi da haske. In waɗannan suka ƙare, sai ya koma ƙona tokarsu, yana kumbura yana yin ja, har cikinsa ya zama ƙarfe. Ƙarfe kuwa ba ya ba shi wuta, sai ya rufta ya fashe. Nasa jan tauraron ya tsufa, ya kumbura, shi ya sa yake so ya gan shi da kyau kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Abin da ya rage kawai a kai gilashin wajen masu madubi su shafa masa azurfa. Amma duk sanda aka sa rana, sai Kawu ya ɗaga shi a hasken taga, ya hango wani tabo kamar hazo a gefen hagu, ya koma guga. Matarsa takan ce da ita yake gogawa haka da tuni ta koma budurwa. A gidan biki kuma, an fi tambayarsa lafiyar farantin fiye da tasa. Dariya kowa yake yi, ba wanda ya taɓa karɓar gilashin ya duba.

Auta ma ta daɗe tana yarda da shi, don gilashi sana'arsa ce. Wata rana da hantsi ya miƙa mata gilashin ta riƙe masa, ta ɗaga, ta gan shi garau. Ta juya shi, ta tambaya ina tabon yake yanzu. Ya nuna hagu. Ta sake juyawa, ya sake nuna hagu.

"Kawu," ta ce a hankali, "tabon ba ya juyawa da gilashin."

Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya koma ya rufe ɗayan. Sannan ya zauna a bakin gado.

"Na gyara wa rabin garin nan ido, Auta, ban taɓa zama kujerar gwajin ba."

A asibiti aka ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta lalace, cutar kuma ta kama ɗaya idon. Da ya zo da wuri, da an tsayar da abin.

Duk da haka sun kai gilashin an shafa azurfar, suka ɗaura shi a bututun roba. Bayan magariba Auta ta saita, ta ga tauraron kamar garwashi. Kawu ya sunkuya ya daɗe, ya ce wani ja-ja yake gani kamar fitilar bayan mota cikin ruwan sama. Matarsa ba ta yi tsokana ba ranar.

Bai kai damina biyu ba bayan haka ya rasu. Madubin yana ɗakin Auta, a naɗe cikin tsohuwar rigarsa. Ranar da ya ba ta, ya ce watakila tauraron ba zai fashe a zamaninta ba, ko na jikokinta.

"Amma in ya fashe, ba kya buƙatar madubi, har da rana za a gan shi. Ki bar duk abin da kike yi ki fita waje, ki kalle shi da kyau, da idonki biyu."