Hayaƙi a Taragon Gaba

Tun muna cikin mota daga Zurmi hankalina yake kan ƙirjin yarona. Bai kai shekara ba, kuma ko hayaƙin murhu ya shaƙa sai numfashinsa ya dinga fita da ƙara kamar usur. Asibitin Gusau muka nufa, ni da Inna, uwar mijina. Inna ta ce jirgin ƙasa za mu shiga daga Kaura Namoda, tunda hanyar mota ba ta da tabbas.

A tasha na ƙare wa kan jirgin kallo. Fenti duk ya ɓare, baƙin mai yana ɗiga a ƙasa. Wani ma'aikaci ya buɗe murfin gefe yana naɗe wayoyin lantarki da roba.

Na ce, "Malam, lafiya dai?"

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Kullum haka muke lallaɓa shi. Ai ya girmi babanki."

Wai shi a ganinsa ya kwantar min da hankali ke nan.

Masu goyo aka tura taragon gaba, dab da injin, wai an girmama mu. Muna zama Inna ta bi tagogi ta rufe, sauran tsofaffi suka taya ta, don kada iska ta kama jarirai. A wurinmu ba a musu da wannan.

Ba mu yi nisa ba na ji warin ƙonanniyar roba. Fitilun sama suka yi ƙifi-ƙifi suka mutu, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Yaron ya soma tari. Na kai hannu taga, Inna ta doke hannun.

"Ke, sanyi za ki sa mai? Lulluɓe shi da zane."

"Inna, hayaƙi ne fa."

"Ke da kika haihu jiya har kin fi mu sani?"

Na duba, leɓensa ya fara yin duhu. Ban taɓa ƙetare maganarta ba, amma na sa kafaɗa na ɓalle tagar nan, na tura fuskarsa waje. Ya daɗe yana haki kafin ya tsala kuka.

Jirgin ya tsaya cikin gonakin gero. Tukunyar kashe gobarar da ke rataye babu komai a cikinta. Da ƙasa maza suka kashe wutar da ta kama injin, direba yana ihun kada kowa ya watsa ruwa a kan waya. A bayan akori-kura muka ƙarasa Gusau, aka ba mu gado. Yaron ya warke. Inna kuwa har yau cewa take iskar taga ce ta kwantar da shi.

Kai mai karatu, in maganarka tana isa wurin masu jirgin nan, don Allah ka ce su canza wayoyin, su cika tukunyar, kafin su sake ɗaukar masu goyo.