Ashiru, Mai Yi Mana Feshi a Bauranya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 20 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, aka bugo mini waya daga asibiti a Katsina cewa Ashiru mai feshi ya cika. Ƙoda ce, in ji likitoci. Bai kai shekara arba'in da biyar ba.

Ashiru, daga Kusada har Yashe da wuya a sami gonar da ba ka ratsa da tankin feshi a bayanka ba. Mu da muka waye, muka gano cewa fartanya wahala ce, mu ne muke miƙa maka kwalbar maganin ciyawa, mu koma inuwa muna ba ka shawara.

Ka san dafi ne. Ba ka taɓa haɗa magani kusa da rijiya ba. Kwalbar da ta ƙare, huda ta kake yi da wuƙa don kada mata su zuba man gyaɗa a ciki. Gonar Inna Lami, da ba ta da kowa, damina shida kana fesa mata kyauta. Kanka kaɗai ka manta. In bakin tankin ya toshe, da naka bakin kake hura shi. In ka tashi aiki, sai ka tari Adda mai nono, ka sha ludayi biyar, ka ce, "Malam, nono yana wanke dafi." Ni kuwa in yi dariya, in kira ka Likita. Gargaɗin yana jikin kwalbar da Turancin da na shekara ashirin ina koyarwa. Ban taɓa karanta maka ba.

Ban ce maganin ne ajalinka ba. Allah ne masani. Amma na ga yadda ƙafafunka suka kumbura.

Ran sadakar uku, ana shafa fatiha, wani ya ja ƙanenka Hussaini gefe. "Tankin nan yana aiki kuwa? Wakena ya fara fure." Hussaini ya ce yana aiki. Marayu bakwai ka bar masa.

Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara. Ya ba matarka Salma da 'ya'yanku haƙuri. Mu kuma masu gonaki, Allah Ya yafe mana, Ya hana mu sake zama a inuwa muna kallon Hussaini yana feshi ba safar hannu, ba takunkumi. Amin.