Anti Biro da Lamba Arba'in da Bakwai

Anti Biro ake ce mata, don ba ka raba ɗankwalinta da biro soke a gefe. Shekara ashirin tana aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da annoba ta lafa, Likitan sashen ya samo tallafin bincike kan damuwar da ta bar wa mutane, ya ɗora ta a kan yin tambayoyi gida-gida. Mutum ɗari uku ta zauna da su. Ba a sa suna a takarda sai lamba, sunayen suna cikin wani kundi a kabad ɗin Likita.

Lamba arba'in da bakwai tela ce, annoba ta ɗauke mata miji. Da aka zo tambayar barci, sai ta tsayar da keken ɗinki, ta ce wani sa'in ji take gara ta bi shi. Anti Biro ta rubuta, ta haɗa ta da Likita, ta yi mata alkawarin da aka sa su yi wa kowa: bayan wata shida za ta dawo.

A wata na biyar tallafi ya ƙare. Masu bayarwa suka ce ai annoba ta wuce. Ta wuce ina? Waninsu ya taɓa leƙa shagon telar nan?

"Ranka ya daɗe, alkawarin fa?" Anti Biro ta tambayi Likita.

"Anti, na yi roƙo har muryata ta dishe. Ko kuɗin mota babu. Kuma ƙa'ida ce, in an rufe aiki a ƙona kundin sunaye."

"A ƙona mana. Ƙafata ma ƙonawa za a yi? Ta san hanya."

Ranar da wata shida ya cika ta hau mota da kuɗinta. Ta tarar telar ta yi shara, har ta ajiye mata kujera.

"Yaya, ina takardun?" in ji telar.

"Babu, ƙanwata. Hira na zo."

Telar ta ɓata fuska. "Hira ai ina yi da maƙwabta. Ni so nake a rubuta. Wancan karon na ce ba na barci, yanzu ina samun awa huɗu. Wa zai sani?"

Anti Biro ta zare biro, ta yago takarda a bayan littafin awon kaya.

"Awa huɗu. Wancan tunanin fa?"

"Yana zuwa. Amma ba kullum ba."

Ta rubuta.

Yanzu duk Asabar gida biyu take zuwa, cikin waɗanda ta iya tunawa. Takardun suna cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonta, har yau ba mahalukin da ya zo nema.