Maliki Mai Haƙar Gaiwa

Maliki ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayun 2024, kwana tara kafin ruwan shuka. Ni na rubuta sunansa a littafin Maigari, domin aikina ke nan shekara ashirin da biyu: haihuwa, mutuwa, ranar da ruwa ya sauka, ranar da Tafkin Rimaye ya cika da ranar da ya ƙafe. A gurbin sana'a na sa manomi. Amma a ƙauyukan gabas da Dutsi, mai haƙar gaiwa aka san shi.

Gaiwa kifi ce da ba ta mutuwa idan ruwa ya janye. Takan nutsa cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar numfashi kamar kan yatsa, ta kwanta har damina. Da rani Maliki yakan bi dararrar laka da sanda, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Inda ya ji gurnani daga ƙasa, nan yake sa fartanya. A wurin mahaifinsa ya koya, tare da doka guda: ba a taɓa gaɓar arewa. Can ruwa ke shimfiɗuwa iya idon sawu, can laka ta fi kauri, kuma gaiwar da ta kwana can ita ce irin baɗi. A wannan gaɓa bado ke fitowa, kwaɗi ke ƙyanƙyasa, agwagin kirinjijiya ke kiwo. Shamuwa ma, wadda zuwanta ke sa mu fito da iri, kwaɗin nan take ɗiba wa 'ya'yanta.

A watan Fabrairun 2021 wani ɗan kwangilar hanya ya zo neman ƙasar ciko. Ya ce zai kwashe gefen tafkin, ya bar mana rami mai zurfi da zai riƙe ruwa har bazara. Masu shanu suka yi murna, Maigari Amadu ya yarda, ni na rubuta takardar. Maliki yana wurin, bai hana ba. A ganinsa kifi ba zai ƙi ruwa mai yawa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi mako guda kafin katafila ta shiga.

A makon nan ya karya dokar mahaifinsa da hannunsa. Ya haƙe gaɓar arewa, amma bai fasa ko ɗaya ba. Kowace gaiwa da curin lakarta ya yanko ta, ya ɗora a jaki. Na ƙirga arba'in da ɗaya. Ya jera su a ɗakin matarsa Kulu, saboda ya fi sanyi kuma ba ya yoyo, ya rufe da buhuna. Ya kafa mata sharaɗi kada ɗigon ruwa ya taɓa su, kada su zaci damina ce su farka. Kulu ta ce ita da ta auri mutum, ga shi da tsufanta an mayar da ita mai gadin kifi, kuma in sun yi mata minshari waje za ta watsa su. Wata huɗu ba ta yi alwala a ƙofar ɗakin ba.

Ruwa ya cika ramin ranar biyu ga Yuli. Maliki ya saki talatin da takwas, yana kallo laka na narkewa suna miƙewa. Uku ya riƙe. Da na tambaye shi dalili, ya ce bangon ramin ne bai kwanta masa ba, a tsaye yake kamar rijiya, babu inda zalɓe zai sa ƙafa.

Ɗan kwangila bai yi ƙarya ba. A da tafkin yana ƙafewa a Disamba, wannan karon ya kai sha tara ga Maris. Ranar da ruwan ya ƙare Maliki ya aiko a kira ni. Katafila ta kwashe laka har ta tarar da marmara, kuma gaiwa ba ta iya huda dutse. Mun same su kwance a fili, bakunansu sun saɓule don ƙoƙarin haƙa. Na ƙirga talatin da uku. Sauran shirwa ta riga mu.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Malam Usman, rubuta cewa ni na kawo su nan."

Na ce masa, "Baba, ai ni na rubuta takardar."

Ya ce kowa ya rubuta nasa.

Bado bai sake fitowa ba. A rimin bakin tafki akwai sheƙar shamuwa goma sha bakwai a 2020, shida a 2022, bara babu. Yanzu a rediyo muke jin lokacin shuka. Maliki ya gwada kwaso laka a jaki daga wata fadama yana zubawa a gindin ramin, sawu sittin da biyu, ruwan farko ya wanke ta ya tara a tsakiya, kaurinta bai kai taƙi ɗaya ba. Ya zaga har wajen Mai'adua neman tafkin da gaɓarsa ke nan. Wani masu bulo sun cinye shi, wani an yanka filaye, wani ana zuba masa magani don kama kifi. Ya dawo bai saki ukun nan ba.

Duk Juma'a yakan ƙwanƙwasa su. Ɗaya ta daina amsawa a damina ta biyu, ɗaya a sanyin da ya biyo. Ta ukun, in ji Kulu, ta amsa masa mako biyu kafin ya kwanta ciwo.

Bayan sadakar bakwai Kulu ta aiko mini da curin a cikin ƙwarya, an rufe da faifai. Saƙonta shi ne, tun da ni ke da littafi, in duba inda ya ce a kai ta. Na bi shafukan tun daga 2021, ban ga inda ya faɗa ba. Na ɗora curin a kan tebur, na ƙwanƙwasa sau uku yadda na ga yana yi, na sa kunne. Ban ji komai ba. Ban fasa shi ba, kuma ban san a wane gurbi zan rubuta shi ba.