Shekarar da Muka Rufe Rijiya

A garinmu, can bayan Makoɗa, duk ƙarshen rani ana yasar rijiya. A ɗaure wa mutum igiya a ƙugu, a zura shi ciki, ya dinga ciko guga da laka ana janyewa, har idon ruwa ya buɗe. Mata su damo kunu, a wuni ana tsokanar wanda ke ƙasa. Haka na taso na gani.

Sai aka kawo mana burtsatse mai sola. Wasu ne suka zo daga Kano, suka kafa tanki, suka jera faifan sola a kan ƙarfe, suka ɗauki hoto suka tafi. Kai, ranar mun yi murna! Lokacin rediyo ba ta da zance sai na cewa rana da iska ne za su raba ƙasar nan da duhu. Mu da ko turken wuta ba mu taɓa gani a garinmu ba, muka ce to, ai har abin ya iso mu.

Baba ya fi kowa ɗoki. Yana da shanun huɗa biyu, ja da fari, su ne ƙarfin gonarmu, kuma jan ruwansu ya cinye masa kafaɗa. Shi da hannunsa ya ɗora tsohon kwanon rufi a bakin rijiyar, ya danne da dutse don kada awaki su faɗa. Daga nan ba a sake yasa ba. Wa zai shiga rami, ga famfo yana zuba?

Bayan 'yan shekaru, cikin wata bazara mai azabar zafi, hadari ya taso da la'asar. Muka fito muna hamdala, ashe iska ce zalla, ko ɗigo babu. Ta ɗaye faifan nan kamar buhu, ta jefa su gonar maƙwabta. Iskar da aka ce za ta ba mu wuta ke nan!

Ni ne malamin firamare, don haka ni aka tura Kano. Na samu ofishin waɗanda suka kafa burtsatsen a rufe, mai gadi ya ce aikin nasu ya ƙare tuni. Mai gyaran da na ɗauko ya duba, ya girgiza kai, ya ce injin ma ya ƙone, sai an aiko da irinsa daga waje. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Muka buɗe rijiya. Bango ya rufta, sai wari da jemagu. Dattijon da ya iya aikin yasa ya rasu, samarin da suka koya a wajensa suna birni suna acaɓa. Baba ya ɗauko igiya zai ɗaura a ƙugu, Inna ta riƙe ta, ta ce masa:

"Malam, in ka shiga ramin nan, da mu da shanun wa ka bar wa?"

Ya saki igiyar.

Na koma ɗauko ruwa daga ƙauyen gaba, jarka biyu a bayan keke. Jan bijimin kaɗai sai ya zuƙe su ya ɗago yana kallona. Can ma aka fara yi mana gori, wai mutane ba su sha ba, mu muna shayar da dabba. Ban ga laifinsu ba. Haƙarƙarin shanun ya fito, ni kuma ba abin da na iya. Da farin ya kwanta ya ƙi tashi sai da aka ɗaga shi, Baba ya ce in kai su kasuwa, shi ba zai iya zuwa ba. Na kai su, na sayar.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, mai yawa kuwa. Baba ya fito da sauri kamar yadda ya saba, ya jawo komin da shanun ke sha ya kara a indararo. Sai da ya cika yana ambaliya sannan ya juya wajen turken shanun. Ya daɗe a tsaye, ruwa na dukansa. Inna ta ce in je in shigo da shi, na kasa.