Mijinyawa a Lahirar Mutanen Norway

Mijinyawa mutumin Gezawa ne, kuma tun yana yaro ba ya shiri da sanyi. Ko randa aka buɗe kusa da shi sai ya yi atishawa. Da abinci ya kira shi Dubai, ina aka ajiye shi? Ɗakin ƙanƙara na wani siton kifi a Dubai Investments Park. A waje rana na gasa mutane, shi yana ciki da riga uku da filas ɗin shayi a hammata. Manaja ya hana shiga da filas. Mijinyawa ya ce to, ya ci gaba da shiga da abinsa.

Wani Bature ɗan Norway mai kawo musu kifi ya taɓa ba su labarin kakanninsa. Wai wanda ya mutu a fagen yaƙi zauren Odin za shi, babban abin bautarsu, ya yi ta cin nama. Wanda ya mutu a kan gado kuwa sai ƙasar Hel, duhu da sanyi. Wai ƙaton farko daga ƙanƙara ya fito, kuma wata saniya ce ta yi ta lasar ƙanƙara har ta tono kakan allolinsu.

"Ka ji, mutumina," in ji Ɗalhatu abokin aikinsa, "ka riga su shiga lahirarsu, har albashi ake ba ka."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Mijinyawa.

Ran wata Juma'a, kowa ya fita masallaci, Mijinyawa ya koma ciki ɗauko hularsa. Ƙofa ta rufe a bayansa. Ya danna maɓallin buɗewa na ciki, ashe ƙanƙara ta cinye shi, ko motsi. Wayarsa na waje, don sanyi na kashe batir. Ya yi ta dukan ƙofa yana kiran Ɗalhatu, fankoki suka haɗiye muryar.

Yatsunsa suka fara mutuwa. Ya tuna matarsa Wasila. Wa zai iya gaya mata sanyi ne ya kashe mijinta a Dubai? Ya yi salati, barci na fizgarsa. Sai saniyar nan ta faɗo masa a rai. Har ya zaro harshe zai lashi maɓallin, sai ya tuna yadda ƙarfe mai sanyi ke kama fata, ya mayar.

Ya girgiza filas. Saura kofi ɗaya. In ya sha, zai ɗan ƙara daɗewa. In ya zuba a maɓallin ƙanƙarar ba ta narke ba, shayin ma zai daskare a kai, shi ke nan.

Ya yi bismilla, ya tsiyaya a hankali a kan maɓallin. Ya danna. Shiru. Ya zuba ɗigon ƙarshe, ya kai masa gwiwar hannu da duk ƙarfin da ya rage. Ƙas! Ƙofa ta buɗe.

Ɗalhatu ya dawo ya tarar da shi kwance a kan kwalta cikin rana, da rigunansa uku.

"Lafiya, habibi?"

"Matsa," in ji Mijinyawa, haƙora na kaɗawa. "Kana tare mini rana."

An canza maɓallin a ranar. Dokar hana filas na nan manne a ƙofa, amma in Mijinyawa ya zo wucewa, manaja silin yake kallo.